Inci Nawa? Yadda Masu Haɗa Jirgin Sama a Gida Ke Saita Ma'aunin Iskar Inji

A gaban matuƙin ƙaramin jirgin sama mai farfela akwai wani ma'auni da ke ɗaure wa ɗalibai kai tun ranar farko. Inji a kashe, jirgi a tsaye cik, amma allurarsa tana can sama wajen 29 ko 30. Da an tayar da inji aka bar shi a silo, sai ta gangaro zuwa 11 ko 12. Sauran ma'aunai hawa suke yi idan inji ya kama, wannan kuwa sauka yake yi. Ba lalacewa ya yi ba. Matsin iskar da ke cikin manifol yake aunawa, wato bututun da ke raba iska da mai ga silindodin inji. Jirgin da ya fito daga masana'anta, injiniyoyi ne suka gwada wannan ma'auni kafin a sayar. Wanda kuwa ya haɗa jirginsa da hannunsa, shi ne masana'antar, kuma ba wanda zai gwada masa in bai gwada ba.

Masu ƙera jirgi a gareji

A Amurka, haɗa jirgin sama a gida ba abin mamaki ba ne. Hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, FAA, tana yi wa irin waɗannan jirage rajista a rukunin jiragen gwaji, bisa sharaɗin cewa mai jirgin da abokan aikinsa su ne suka yi fiye da rabin aikin, don neman ilimi ko nishaɗi. Ƙungiyar EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953 a jihar Wisconsin, ita ce uwar masu wannan sha'awa, kuma duk shekara a watan Yuli jirage dubbai ke sauka a garin Oshkosh don taronta.

Mafi yawansu ba daga ɗanyen ƙarfe suke farawa ba. Sassa suke saya a cikin akwatuna, su kwashe shekaru suna huda, suna buga ƙusoshi, suna jan wayoyi. Kamfanin da ya fi suna a nan shi ne Van's Aircraft na jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970. Jiragensa masu laƙabin RV da aka kammala suka tashi sun haura 10,000. Ɗaya daga cikinsu ma ba baƙo ba ne a Nijeriya: Air Beetle, jirgin da rundunar sojin sama ta yi amfani da shi wajen koyar da matuƙa, daga samfurin RV-6A aka samo shi, kuma a Kaduna kamfanin AIEP ya harhaɗa su, guda 60.

Ɗaya daga cikin injunan da aka fi ɗora wa irin waɗannan jirage shi ne Lycoming O-360, mai silinda huɗu, mai ƙarfin doki 180 idan yana juyi 2,700 a minti. Wasu kuma Rotax suke sakawa, ɗan ƙasar Ostiriya. Akwai ma masu ciro injin mota su gyara shi ya ja farfela.

Abin da lambar ke faɗa

Inji mai fistin zuƙar iska yake yi. Duk saukar fistin, silinda na jan iska ta cikin manifol, totur kuma wata 'yar ƙofa ce da ke tare hanyar. Idan ƙofar tana kusa da rufe, fistin na ja amma iskar da ke shiga kaɗan ce, sai matsin cikin manifol ya faɗi. Idan aka buɗe ta duka, iska ta samu hanya, matsin ciki ya kusa kamo na waje. Yawan iskar da ta shiga silinda shi ke yanke yawan man da za a ƙona, yawan man kuma shi ne ƙarfin inji.

Ana lissafin wannan matsi da inci na zaiba, kuma asalin hakan tsoho ne. A 1643 Evangelista Torricelli, masani ɗan Italiya, ya cika dogon bututun gilashi da zaiba ya kife shi a kwano, ya ga zaibar ta tsaya a tsayin kusan santimita 76, nauyin iskar duniya na tallafe da ita. A 1648 Florin Périer, surukin Blaise Pascal, ya hau dutsen Puy de Dôme na Faransa da irin wannan bututu, zaibar ta sauka da kusan inci uku. Abin da ya gani a kan dutsen shi matuƙa ke aiki da shi har gobe. Matsin da aka amince da shi a bakin teku inci 29.92 ne, kuma a ƙananan tsayi yana raguwa da kusan inci ɗaya a kowace ƙafa 1,000. A ƙafa 5,000 ya koma 24.9, a ƙafa 10,000 ya koma 20.6, a ƙafa 18,000 saura rabi.

Me zai hana matuƙi ya dubi ma'aunin juyin inji kawai, yadda direba ke yi? Dalilin farfela ce. Jirage da yawa suna da farfela mai sauya kwanciyar fukafukanta da kanta, don ta riƙe inji a juyin da matuƙi ya zaɓa. In ya zaɓi 2,400, ko ya ƙara totur ko ya rage, allurar juyi ba za ta gusa ba. Farfelar ce za ta ƙara cizon iska ko ta sassauta. Ma'aunin manifol kaɗai zai nuna abin da ya sauya. Shi ya sa a irin wannan jirgi ake faɗin ƙarfi da lamba biyu tare, kamar inci 24 da juyi 2,400. Masu injin Lycoming suna da wani lissafi na ka: a haɗa incin da ɗaruruwan juyin. In jimlar ta ba da 48, ƙarfi ya kai kusan kashi 75 cikin 100. In 45 ce, kusan kashi 65. In 42 ce, kusan kashi 55. Kenan kuskuren inci uku daidai yake da ɓatan kusan kashi 10 na ƙarfin inji.

Injin da ke da tarbo yana wuce matsin waje, domin cusa masa iska ake yi. Rotax 914 yana kaiwa kusan inci 40 a lokacin tashi, na minti biyar kacal. Injin Merlin na jirgin yaƙin P-51 Mustang, wanda shi ma cusa masa iska ake yi ko da ba da tarbo ba, yana tashi da inci 61 a Yaƙin Duniya na Biyu. A irin waɗannan, wuce iyaka na iya kashe inji cikin ƙanƙanin lokaci.

Daga allura zuwa sensa

A da, siririn bututu ake ja daga inji har gaban matuƙi, ya shiga ma'auni mai ɗauke da wani ɗan gwangwani da aka zuƙe wa iska, wanda ke kumbura ko ya motse yana jan allura. Yau yawancin masu haɗa jirgi allon kwamfuta suke sakawa, na kamfanoni irin su Dynon, Garmin, ko MGL na Afirka ta Kudu. Bututun kuma a wata 'yar sensa yake ƙarewa, wadda ba ta kai akwatin ashana ba. Duk bakaniken da ke gyaran motoci masu injekta ya san irinta, domin wasu ma na mota ne ake amfani da su kai tsaye.

A cikinta akwai wani fallen silikon siriri ƙwarai. Gefensa ɗaya an rufe shi ba iska, ɗaya gefen kuma matsin manifol ke danna shi. Lanƙwasar fallen ita ake mayarwa lantarki. Ana ba sensar bolt 5, ita kuma ta mayar da wani kaso gwargwadon matsin. Wata sananniya, MPX4250, tana ƙara kusan bolt 0.07 a kan kowane inci ɗaya. Kwamfuta ba ta san iska ba, wannan 'yar wutar kawai take gani, sai ta duba jadawalin da aka ba ta ta rubuta lamba a allo.

A nan gizo ke saƙa. A jirage da yawa na yau ba matuƙi kaɗai ke karanta lambar ba. Tsohuwar na'urar ba fulogi wuta, maganeto, a wuri ɗaya take tsaye: a yawancin injunan Lycoming tana tartsatsi digiri 25 kafin fistin ya kai ƙololuwa, ko ana hawa ko ana sauka. Na'urorin zamani irin su P-MAG, Light Speed da SDS suna duba matsin manifol su sauya taimin. In matsi ya yi ƙasa, kamar a can sama inda iska ba ta da kauri, sai su gaggauta tartsatsin zuwa digiri talatin da wani abu, mai ya ƙone sosai, a yi tanadi. In matsi ya yi sama, sai su ja baya. To, a ce sensa tana nuna ƙasa da gaskiya. Jirgi na tashi da totur a buɗe duka, na'ura kuma ta ɗauka ƙaramin aiki ake yi, ta gaggauta wuta. Kan silinda zai yi zafi, mai ya riƙa fashewa maimakon ƙonewa a tsanake, kuma hakan na iya huda fistin. A injin da kwamfuta ke auna masa mai, wannan kuskure yana rage man a daidai lokacin da ake matuƙar buƙatarsa.

Gwaji na farko: inji a kashe

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Idan inji ba ya aiki, iskar cikin manifol da ta waje ɗaya ce, don haka dole ma'auni ya nuna matsin iskar wurin da jirgi yake tsaye. Tambayar ita ce, nawa ne wannan matsin?

Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Filayen jirgi suna sanar da wata lamba ta saita ma'aunin tsayi, wadda yawanci ba ta nisa da 29.92. Wannan lamba ba matsin filin ba ce. An yi mata lissafi ne a mayar da ita kamar a bakin teku ake, don ma'aunin tsayi ya nuna tsayin filin daidai. Mai jirgi a Oshkosh, inda tsayin fili ƙafa 808 ne, in aka sanar da 29.92, abin da ya kamata ya gani kusan 29.1 ne. A Kaduna, mai tsayin kusan ƙafa 2,000, wajen 27.8 ne. A Jos, da ta haura ƙafa 4,000, bai kai 26 ba. A Leadville ta jihar Colorado, mai ƙafa 9,934, ma'auni mai lafiya zai tsaya kusa da 20.6 alhali ko farfela ba ta juya ba.

A ɗauki wanda filinsa ke ƙafa 5,000. Ya kunna allo ya ga 24.9, ya ji ana sanar da 29.92, sai ya shiga saiti ya ƙara inci biyar don lambobin su zo ɗaya. Da hannunsa ya ɓata sensa mai gaskiya. Daga ranar, in ya saita inci 24 a sama, ainihin matsin 19 ne, kuma injin da yake zaton yana kashi 75 bai kai kashi 60 ba. Ga sabon inji wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin Lycoming na so a yi sa'o'in farko da ƙarfi tsakanin kashi 65 zuwa 75, zobban fistin su zauna daram a jikin silinda. In aka lallaɓa shi da ƙaramin ƙarfi, bangon silinda kan yi santsi, inji ya dinga shan baƙin mai, har sai an kwance shi an sake gogewa.

Hanyar samun lambar gaskiya ba wuya. A murɗa ma'aunin tsayi zuwa 29.92, a karanta tsayin da ya nuna, a nemi matsin wannan tsayi a jadawalin da ƙasashen duniya suka amince da shi. In filin ba shi da tudu sosai, akwai hanya mafi gajarta: a murɗa har allura ta nuna ƙafa sifili, lambar da ta fito a 'yar tagar saiti ita ce matsin wurin. Tagar dai daga wajen 28 take farawa, don haka dabarar ba ta aiki a fili mai tudu.

Gwaji na biyu: a zuƙe iska

Dacewa a wuri ɗaya ba ta wadatar ba. Sikelin mahauci na iya tsayawa daidai a sifili idan ba komai a kansa, amma a ɗora kilo biyar ya nuna huɗu da rabi. Sensa ma kuskurenta iri biyu ne. Akwai wanda ke ƙara ko rage adadi ɗaya a ko'ina, akwai kuma wanda ke girma yayin da matsi ke nisa da inda aka gwada. Na biyun yakan faru idan aka zaɓi sunan wata sensa daban a cikin jerin da allo ke bayarwa, misali aka saka wadda iyakarta matsin bakin teku, aka gaya wa kwamfuta mai ɗaukar ninki biyu da rabi ce. Mai jirgi na iya tilasta lambar ta yi daidai a ƙasa, ta kauce da inci da yawa a sama.

Maganin shi ne ɗan famfon hannu mai zuƙe iska, irin wanda ake fitar da iskar birki da shi. A cire tiyo daga jikin inji, a haɗa shi da famfo da wani ma'auni da aka yarda da shi. Sai dai ma'aunin famfo yawan abin da aka zuƙe yake nunawa, ba abin da ya rage ba, don haka sai an yi ragi. In matsin wurin 29.1 ne aka zuƙe 5, allo ya nuna 24.1; in aka zuƙe 10, ya nuna 19.1, in 15, ya nuna 14.1. Ana rubuta kowane mataki a takarda, a sauka sannan a hau, a ga ko lambobin tafiya da na dawowa sun zo ɗaya.

Ma'aunin famfo mai araha shi ma yakan yi ƙarya, shi ya sa wasu ke haɗa ma'aunin tsayi da aka gwada a madadinsa. A saita shi 29.92, a zuƙa a hankali har ya nuna ƙafa 5,000, a duba ko allo ya ce 24.9, a kai 10,000, a nemi 20.6, a kai 15,000, a nemi 16.9. Dole a raba shi da ma'aunin gudu da na hawa da sauka tukuna, domin zuƙa mai ƙarfi tana lalata su. Wasu kuma tiyo mai garai-garai suke lanƙwasawa su zuba ruwa, su auna tazarar da awon tela. Ruwa ba ya buƙatar saiti, amma inci ɗaya na zaiba daidai yake da inci 13.6 na ruwa, saboda haka gwada inci goma sai da tiyo mai tsayin kusan mita uku da rabi.

Kafin a cire famfo, sai a toshe a jira minti ɗaya. In lamba tana komawa sama da kanta, akwai yoyo.

Laifin da ba na sensa ba

Sau da yawa sensar lafiyarta ƙalau, abin da ke kewaye da ita ne ke da matsala. A injin Lycoming, daga kan silinda ɗaya ake ɗaukar matsin, galibi ta uku. A juyi 2,400, bawul ɗin wannan silinda na buɗewa sau 20 a kowace daƙiƙa, kuma kowace buɗewa tana girgiza iskar tiyo. In ba a yi dabara ba, lambar allo za ta yi ta tsalle. Saboda haka ake cusa wani ɗan maƙogwaro mai rami kusan milimita ɗaya ko ƙasa da haka a cikin layin, ya lafar da bugun. Yana da wani amfani kuma: in tiyo ya tsinke, iskar da za ta kutsa cikin silindar kaɗan ce. Amma in ramin ya yi ƙanƙanta ainun, ko datti ya toshe shi, lamba za ta riƙa jan ƙafa bayan an motsa totur.

Mai ma yakan taru a tiyo. Man jirgi na 100LL shuɗi ne, kuma shuɗin tabo a bakin sensa shaida ce cewa mai ya kai inda bai kamata ba. Don haka ake ɗaure sensa sama da inda tiyo ya fito, abin da ya shiga ya gangara ya koma inji, kuma a nisanta ta da zafin salansa.

Yoyo halinsa ya danganta da irin injin. A injin da ba tarbo, iskar waje ce ke shiga, lamba ta nuna fiye da gaskiya, musamman a silo. A mai tarbo kuwa, lokacin cikakken ƙarfi iskar ciki ce ke fita, lamba ta nuna ƙasa da gaskiya, matuƙi ya ƙara totur yana wuce iyaka bai sani ba.

Sai wayoyi. Tunda bolt 0.07 ya isa inci guda, wayar da ke mayar da wuta in ba ta ɗauru da kyau ba, ko aka haɗa ta da ta fitila ko ta famfon mai, sai a ga matsi ya sauya da zarar an kunna fitilar sauka. Gwajin wannan mai sauƙi ne: inji a kashe, a kunna kowane makunni ɗaya bayan ɗaya ana kallon allo. Lambar da ta motsa ta nuna layin da ke da laifi.

Gwaji a sama

Sabon jirgin gida a Amurka yakan yi sa'o'i 25 ko 40 na gwaji a wani yanki da aka keɓe masa, gwargwadon irin inji da farfelarsa, kafin a yarda ya ɗauki fasinja. A waɗannan sa'o'i ne sensa ke fuskantar zafi da girgiza na gaske. Da totur a buɗe duka a kan titin tashi, injin da ba tarbo ya kamata ya nuna kusan inci ɗaya ƙasa da matsin filin, domin matatar iska da lanƙwasar bututu suna cin wani abu. In gibin ya kai inci uku bayan an tabbatar da sensa a ƙasa, to inji ne ke da magana: ko matata ta toshe, ko igiyar totur ba ta buɗe ƙofar har ƙarshe. A hawa, lamba ta riƙa sauka kusan inci ɗaya a kowace ƙafa 1,000. A ƙafa 8,000, inda matsin waje 22.2 ne, ana sa ran ganin 21 zuwa 22, kuma nan ne wajen da irin wannan inji ke daina iya ba da fiye da kusan kashi 75 na ƙarfinsa.

Ma'aunin da aka saita da kyau yana kuma ba da gargaɗin da ba wani mai bayarwa da wuri. A jirgi mai kafireto da farfela mai riƙe juyi, ƙanƙara na iya taruwa a maƙogwaron kafireto ko da rana ba sanyi, in iska na da laima. Juyin inji ba zai sauya ba, amma matsin manifol zai fara zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan ba tare da an taɓa komai ba. Matuƙin da ya san lambarsa ba ta yawo zai ja iska mai zafi ya narkar da ita tun inji bai fara tari ba.

Dokar Amurka ta ba wanda ya haɗa jirgi damar neman takardar da za ta sa ya riƙa yi wa jirginsa binciken shekara da kansa. Masu lura a cikin masu haɗa jirgi sukan adana takardar gwajin farko a littafin inji, duk shekara su ɗauko famfo su maimaita matakan, su jera sababbin lambobi kusa da tsofaffi. Tiyon roba yakan bushe ya tsage saboda zafi, sensa ma takan kauce kaɗan da tsufa. In bambancin ya kai rabin inci, sukan fara da tiyo da mahaɗansa, sannan wayoyi, kafin su kai ga sayen sabuwar sensa.